Karatun Ƙera Jirgin Sama: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujadar safe, wata uwa gwauruwa ta tsayar da mu a bakin ƙofar majami'a, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda mai ƙyalli da aka ninke gida huɗu. A jikin takardar akwai hoton wani dogon bene, da ciyawa kore shar, da samari farare da baƙaƙe sun kewaye injin jirgin sama suna murmushi. Ta ce ɗanta na fari ne ya ci jarrabawa da kyau, kuma tun yana ɗan firamare ba shi da zance sai na jirgin sama, har gwangwanin madara da karan dawa ba su tsira daga hannunsa ba. Wani dillalin makarantu a cikin gari ya ce musu in sun kawo kafin alƙalami nan da ƙarshen wata, zai samo wa yaron gurbi a wannan jami'a ta ƙasar waje. Gonar fadama ce kaɗai abin da mai gidanta ya bar mata, an kuwa riga an taya. Tambayarta ɗaya ce: ta sallama ko kada ta sallama?

Ba mu ba ta amsa a tsaye ba, domin maganar gona ba ta bakin ƙofa ba ce. Amma tun daga ran nan muke ta juya zancen, muka kuma lura ba ita kaɗai ba ce. Kusan kowace shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai a ji sanarwa a wata ekklesiya cewa ɗan wane zai tafi Turai karatu, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Zumuntar mata ta yi karo-karo, matasa su yi nasu, dattawa su sa albarka, a raka yaro tasha. Abin da ba a yin sanarwarsa shi ne dawowar waɗanda kuɗi ya yanke musu a shekara ta biyu, suka shigo gari da dare, ba digiri ba gona. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a fili, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Da farko dai a tambayi yaron abin da yake nufi in ya ce jirgin sama, domin mu iyaye mukan ɗauki sana'a uku mu yi musu kuɗin goro. Akwai matuƙi, wanda aikinsa shi ne ya tashi da jirgi ya sauke shi lafiya. Akwai mai gyara da duba lafiyar jirgi, wanda sai ya sa hannu a takarda kafin a bar jirgi ya tashi, shi kuwa lasisi yake nema daga hukumar NCAA. Waɗannan biyun ana koyar da su a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Na uku shi ne injiniyan da ke zana jirgin tun yana kan takarda: ya auna yadda iska za ta bi ta jikin fiffike har ta ɗaga ƙarfe mai nauyin tan-tan, ya lissafa irin nauyin da ƙashin jirgin zai ɗauka bai tsage ba, ya tsara injin da zai tura shi, ya kuma shirya na'urorin da ke hana shi kifewa a sama. Shi ne kuma mai ƙera roka da tauraron ɗan'adam. Wannan na ukun shi ne digirin da muke magana a kai, karatun shekara 5 ne a jami'o'inmu, kuma mafi yawansa lissafi ne. Yaron da ke mafarkin farar riga da hular matuƙi, in aka tura shi can, zai yi shekara biyu bai taɓa jikin jirgi ba, sai allo da alƙaluma. Gara a san wannan tun gona tana hannu.

To, in an tabbata na ukun yake so, ga ra'ayinmu: ga gidan da ba shi da rarar dukiya, a yi digirin farko a gida, a bar ƙasar waje sai digiri na biyu, kuma da kuɗin wani, wato tallafin karatu, ba da kuɗin gona ba.

Shekara 30 da suka wuce ba za mu iya faɗin haka da ƙarfin gwiwa ba, domin babu inda ake ba da wannan digiri a ƙasar nan. Yanzu akwai. A Mando ta Kaduna, cikin barikin mayaƙan sama, akwai cibiyar AFIT, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar koyar da sojoji gyaran jirage, ta zama cibiyar fasaha a 2008, kuma tun wajen 2018 take ɗaukar farar hula karatun digiri ta hanyar JAMB kamar kowace jami'a. Iyaye da yawa suna tsammanin sai yaro ya shiga soja, alhali kuwa ba haka ba ne. Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete, wadda aka kafa a 2009, tana cikin na farko da suka buɗe wannan sashe. Jami'ar Jihar Legas ma tana da shi, haka kuma Jami'ar Afe Babalola ta Ado-Ekiti, sai dai ita mai zaman kanta ce, kuɗinta ba na kowa ba ne. Wanda kuma ya ga lallai sai ya ƙetare iyaka, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi tana koyar da fannin, garin da yaro zai shiga zango ya sayi tuwo da Hausa, ko da yake baƙo da kuɗin waje yake biya a can.

Kaduna kuwa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 a nan aka harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle, kimanin guda 60, bisa zanen wani kamfanin Amurka. A nan aka nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018, wanda aka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Duk wanda ya raɗa wa jiragen leƙen asiri waɗannan sunaye ya san Hausa, ya kuma san halin mutane. Ba muna cewa Kaduna ta kamo Turai ba ne. Muna cewa yaron da ke karatu a inda ake kwance injin jirgi ana ɗaurawa ya fi wanda ke wata ƙaramar jami'a a ƙasar waje, wadda ba ta da komai sai hoton injin a takardar talla.

Yanzu sai maganar kuɗi, a nan ne kuwa aka fi yaudarar mutanenmu. Dillali yakan faɗi kuɗin makaranta na shekara ɗaya, a canjin yau, ya yi shiru. Ba ya faɗin kuɗin ɗaki, da abinci, da rigar sanyi, da inshorar lafiya, da biza, da kuɗin jirgi. Ba ya kuma faɗin abin da ya fi duka muhimmanci, wato shi kuɗin makaranta da dala ake biya, mu kuwa da Naira muke sayar da masara. A 2015 dala ɗaya ba ta kai Naira 200 a farashin hukuma ba. A farkon 2023 tana wajen Naira 460. A watan Yuni na shekarar aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare dala ta haura Naira 1,500. A ɗauki misalin uban da ya yi alkawarin biyan dala 10,000 a shekara. Lokacin da ya raka ɗansa tasha, Naira miliyan 4.6 yake nufi. Shekara guda bayan haka an ce ya kawo miliyan 15. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, shi ma bai yi ƙarya ba, ƙasa ce kawai ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa. A 2024 ɗin nan ne aka ji labarin ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila waɗanda aka tsayar musu da karatu, har aka ce wasu su bar ƙasar, domin sun kasa cika kuɗin a kan lokaci. Waɗannan ba 'ya'yan malalata ba ne, ajiyarsu ce ta narke a banki. A tuna kuma mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara.

Wani zai ce ai an ce Jamus kyauta ake karatu. Akwai gaskiya a ciki: yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Amma jihar da Stuttgart take, inda ɗaya daga cikin manyan sassan wannan fanni yake, tun 2017 take karɓar yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai, babbar jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024. Sannan hanyar da aka fi bi wajen samun biza ita ce a zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, wanda a ƙarshen 2024 ya kai yuro 11,904, wajen Naira miliyan 20 ke nan a canjin lokacin. Daɗin daɗawa, digirin farko galibi da Jamusanci ake koyar da shi. Kyautar da sai mai miliyan 20 zai iya karɓarta, ba da gwauruwarmu ake yi ba.

Akwai kuma wata magana da dillalai ke yi mai daɗin ji, wai yaro zai riƙa aiki yana biya wa kansa, in ya gama kuma Boeing ko NASA su ɗauke shi, cikin shekara biyu ya fanshi gonar. Ɗalibi baƙo a Ingila ko Amurka, awa 20 a mako doka ta yarda ya yi aiki lokacin karatu, abin da ba ya wuce kuɗin ɗaki da abinci in ma ya kai. Game da aikin bayan karatu kuwa, Amurka tana da dokar da ta ɗauki fasahar roka da ta jiragen yaƙi da yawancin ta taurarin ɗan'adam a matsayin sirrin makamai, don haka kamfanonin fannin kusan ba sa ɗaukar kowa sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama na dindindin. Ita NASA, ma'aikacinta na gwamnati sai ɗan ƙasa. Wato a cikin dukan fannonin injiniya, wannan ne ya fi rufe wa baƙo ƙofa a can, shi ne kuma aka fi tallata mana da alkawarin aiki. Bizar ma ba ta da tabbas: a Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Nijeriya zuwa ta shiga sau ɗaya cikin wata uku.

Ba kuɗi ne kaɗai ke yanke karatu ba. Garin Kharkiv na Yukren yana da tsohuwar jami'ar jiragen sama mai suna, kuɗinta kuma da sauƙi in aka kwatanta da na Ingila. A Fabrairun 2022 yaƙi ya faɗa wa garin, ɗalibanmu da ke ƙasar suka tsere ta iyakokin Foland da Romaniya da Hungari, wasu ko takardun sakamakonsu ba su ɗauko ba. A 2023 aka sake ganin irin haka a Sudan. Hatta waɗanda Gwamnatin Tarayya ta tura da kanta ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko sun yi ta kukan rashin biyan alawus wata da watanni, daga baya a 2025 gwamnati ta sanar da dakatar da shirin.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da ke da araha shi ne mai kyau. Araha ba ta ado. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Wanda ya sayi irin wannan takarda a fannin ƙera jirgi, ba kansa kaɗai ya cuta ba. To, yaya uba ko uwa da ba su yi boko mai zurfi ba za su gane makaranta mai kyau?

Abu na farko takarda ce, kuma ba ta dillali ba. Hukumar NUC ba jami'a ɗungurungum take amincewa da ita ta tafi ba, kowane kwas tana auna shi daban, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Jami'a tana iya yin suna a aikin likita, sashenta na injiniya kuwa bai tsaya da ƙafarsa ba. Majalisar COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista, ita ma tana zuwa ta yi nata awon. Wannan na biyun ya ƙara daraja tun 2023, lokacin da aka karɓi COREN a matsayin mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya ke mutunta kwasa-kwasan injiniya da junansu suka tantance. Saboda haka a tambayi shugaban sashe kai tsaye: yaushe NUC da COREN suka zo, me kuma suka rubuta? Mai gaskiya zai buɗe durowa ya nuna. Mai kame-kame kuwa ya riga ya ba da amsa.

Abu na biyu, gani ya kori ji. Muna mamakin yadda mutum ba zai sayi akuya bai duba haƙoranta ba, amma zai zuba dukiyar gidansa a makarantar da bai taɓa taka ƙofarta ba. A je ranar aiki, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. A nemi ganin bututun gwajin iska, wato wani dogon akwati da ake hura iska a ciki da ƙarfi a sa ɗan samfurin fiffike a auna yadda iskar ke ɗaga shi. Ba girmansa ne abin dubawa ba. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, masu shagon keke a garin Dayton, a 1901 suka haɗa nasu da katako, tsawonsa ƙafa 6 kacal, suka gwada siffofin fiffike wajen 200 a ciki, daga nan ne kuma suka samo lissafin da ya ɗaga jirginsu ranar 17 ga Disamba 1903, na tsawon daƙiƙa 12. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana aiki, ko kuwa an lulluɓe ta da leda ana jiran baƙi. A dubi hannun ɗaliban shekarar ƙarshe, a ce su nuna abin da suka ƙera da kansu. A tambaye su, ba a gaban malami ba, sau nawa suka shiga ɗakin gwaji a zangon da ya wuce, malamai nawa ne na dindindin, nawa ne kuma 'yan ci-rani masu zuwa daga wata jami'a sau ɗaya a wata. A tambayi inda ake tura su koyon aiki na wata 6, domin wanda aka tura rumfar gyaran jirage da wanda aka tura ofishin ƙaramar hukuma yana ɗaukar fayil ba karatu ɗaya suka yi ba. Kuɗin mota daga Jos ko Kafanchan ko Zonkwa zuwa Kaduna da dawowa ba zai kai kuɗin fom ɗin dillali ba. Wannan kuwa shi ne babban abin da makarantar gida ta fi ta waje da shi ga talaka: ana iya zuwa a gani.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Za a ce jami'o'inmu yajin aiki ya kashe su. Gaskiya ne a 2020 an rufe na tarayya wata 9, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Za a ce wuta ba ta zama, kayan aiki sun tsufa, aji ya cika. Duk mun yarda. Wanda Allah ya hore wa abin da zai biya shekara 4 a waje ba tare da ya taɓa gona ko kuɗin makarantar ƙanne ba, ba mu hana shi ba. Amma a auna asarar biyu. Yajin aiki ya cinye wa yaro shekara guda, ya dawo gida ya yi noma, ya koma ya ƙarasa. Canji ya karye masa a ƙasar waje, ya rasa shekarun da ya yi, da kuɗin da aka zuba, da gonar, ƙannensa uku kuma su zauna a gida. Tun 2024 ma akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Ba ya bin yaro zuwa ƙasar waje, ba ya kuma shiga jami'a mai zaman kanta.

Akwai wata tambaya da ta fi ta yajin aiki nauyi: in ya gama, ina aikin? Nijeriya ba ta da masana'antar ƙera jiragen fasinja. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, ya durƙushe tun 2003. Wuraren da ke akwai ƙidayayyu ne: rundunar mayaƙan sama, hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999, mai cibiyoyi har a Jos da Toro, kamfanin tauraron sadarwa na gwamnati, hukumomin kula da sufurin sama, da rumfunan gyara na kamfanonin jirage. Ana ɗan samun ci gaba, domin a 2018 kamfanin Aero ya yi wa jirgin Boeing 737 babban garambawul a Legas, aikin da a da sai an kai waje, a 2022 kuma kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna da ƙananan jirage marasa matuƙi. Duk da haka guraben ba su kai yawan masu mafarkin ba.

Shi ya sa muke ƙara wata shawara da samari ba sa son ji. Ba dole ne sunan digirin farko ya ƙunshi jirgin sama ba. Shekaru biyu zuwa uku na farko, kusan darasi ɗaya ake yi da masu karanta injiniyan injuna: lissafi, da ƙarfin ƙarafa, da halin zafi, da tafiyar ruwa da iska. Yaron da ya yi injiniyan injuna ko na lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Bauchi, ko Minna, ko Yola, ya fito da sakamako mai kyau, ƙofar digiri na biyu a fannin jirage a buɗe take gare shi, in kuma ba ta buɗu ba, yana da tashar wutar lantarki da masana'antar siminti da kamfanin mai. Injiniyoyinmu da aka tura Surrey ta Ingila lokacin ƙera tauraron NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a Satumban 2003, sun tafi ne tun ba a kafa jami'ar Malete ba, daga baya kuma 'yan Nijeriya da aka horar a can suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a Agustan 2011. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure da wata ƙaramar jami'a a Koforidua ta Gana kowacce ta samu ɗan ƙaramin tauraronta a sama, ta hanyar haɗin gwiwa da wata cibiyar fasaha a Japan inda aka horar da matasansu. Ko a Amurka haka abin yake. Eugene Cernan, mutum na ƙarshe da ya taka wata a 1972, lantarki ya karanta a digirinsa na farko a Jami'ar Purdue, sai a na biyu ya koma fannin jirage. Neil Armstrong, wanda ya fara takawa a 1969, shi ma a Purdue ya gama a 1955, jami'ar gwamnatin jiha, kuma rundunar mayaƙan ruwa ce ta biya masa. Babbar cibiyar MIT ta ba shi gurbi, bai je ba.

A matakin digiri na biyu ne ƙasar waje ke da ma'ana. Karatun gajere ne, shekara ɗaya a Ingila, biyu a yawancin Turai, da yawa kuma da Turanci ake yi har a Jamus. A nan ne tallafi ya fi yawa, irin na ƙungiyar Commonwealth, da na DAAD ta Jamus, da Erasmus na Tarayyar Turai, da na gwamnatin Japan. A nan ne kuma ake samun wurare irin Cranfield ta Ingila, jami'ar da ta keɓe kanta ga manyan digiri, mai filin jirgin sama nata na kanta. Mai shekara 24 da ya riga ya san abin da ya je nema ya fi ɗan shekara 17 iya riƙe kansa a cikin sanyi da kaɗaici. Amma duk waɗannan tallafi sakamako suke dubawa, ba hawaye ba.

Wannan ya kawo mu ga wani laifi da yake namu ne, ba na dillali ba. JAMB tana neman Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri ga mai son wannan fanni. Makarantun sakandare nawa ne a cikin waɗanda ekklesiyoyinmu suka gina suke da ƙwararren malamin fiziks na dindindin? Nawa ne ke koyar da lissafi mai zurfi da zanen injiniya? Mun san inda ɗan hidimar ƙasa ɗaya ke riƙe da darussan kimiyya uku, in ya tafi a watan goma sai a jira wani. Kuɗin da ekklesiya ɗaya ke tarawa don tura yaro guda waje zai biya albashin malaman kimiyya biyu na shekaru, yara ɗari su amfana, har da 'yan mata, waɗanda ba mu taɓa jin an yi musu irin wannan sanarwa ba ko da su ne na ɗaya a aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran Alhamis da yamma muka je gidan gwauruwar, tare da wani dattijo da wani malamin fiziks mai ritaya. A bayan takardar mai ƙyalli muka yi lissafin, shekara 4, da ɗaki da abinci da kuɗin jirgi, a canjin ranar, ba mu ma ƙara komai don faɗuwar Naira ba. Kuɗin gonar bai kai ƙarshen zango na uku ba. Yaron ya karɓi biro ya sake bin lissafin da kansa, ya gano mun yi kuskure a wuri ɗaya, gyaran kuwa ƙara kuɗin ya yi. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan muka sa ya buga wa dillalin waya ya tambaye shi ko Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta san da makarantar, da kuma lambar ɗalibi ɗaya ɗan Nijeriya da ya gama wannan kwas a can. Dillalin ya ce yana kan hanya, zai kira. Har muka sha kunu muka tashi bai kira ba.

An aika wa mai tayin gona cewa ya dakata. Ran Talata mai zuwa malamin fiziks zai raka yaron Mando, in lokaci ya ba su kuma su wuce Zariya su kwana. Uwar ta ce ita ma za ta bi su, ko da ba za ta gane komai ba, tana so ta ga wurin da idonta. Yaron ya riga ya cika shafi biyu na littafinsa da tambayoyi, ta farko a ciki ita ce ko bututun iskar yana aiki in an ɗauke wuta.